Nawa, ko har yaushe? Abin da hayar gida a Makka ta koya mini

A jikin ƙofar kowane ɗaki na gidan da na fara kamawa a unguwar Aziziyya ta Makka akwai wata 'yar takarda manne, mai lamba biyu. Ta sama lambar ɗaki ce. Ta ƙasa kuwa ban taɓa damuwa in san ko ta mece ce ba. A ɗakin kwananmu an rubuta 5, a falo 6, a ɗan ƙaramin ɗakin da na jera littattafaina 3. Wata takwas muna shiga muna fita ta gefen lambobin nan, sai a watan Shawwal na gane cewa adadin alhazan da kowane ɗaki ke ɗauka ne.

Ni ɗalibin Shari'a ne a Jami'ar Ummul Ƙura. Lokacin da nake ni kaɗai ban san wahalar masauki ba, domin ina kwana a gidan ɗalibai. A shekarar 2023 Allah ya sa na samu izinin kawo iyalina, sai neman gida ya zama dole. Ɗan alawus ɗin da ake ba mu duk wata, wanda muke kira mukafa'a, bai kai riyal dubu ba. Sauran abin da nake rufa wa kaina asiri da shi yayana ne ke aiko mini daga Kano, ga shi tun da aka saki naira a watan Yuni na wannan shekara, abin da ya aiko sai ya riƙa ƙanƙancewa kafin ya zama riyal. Saboda haka idona gaba ɗaya yana kan abu ɗaya: nawa ne?

Na tambayi waɗanda suka riga mu zuwa, kusan bakinsu ya zo ɗaya. Suka ce in nufi Aziziyya, ga araha, ga kusa da jami'a, ga motocin zuwa Harami. A watan Safar na 1445 dillali ya buɗe mini wata shugga, wato sashen gida na haya, a wani dogon bene mai lif, da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a kowane ɗaki, da banɗaki har uku. Kuɗin da ya faɗa bai wuce rabin abin da aka nema a wurina ba a kan wasu gidaje da ba su kai wannan kyau ba. Yana rufe ƙofa ya ce da ni, "Ilal Hajj," wato har zuwa Hajji. Na ji kalmar sarai. Na ɗauka yana nufin shekarar hayar za ta zagayo wajen lokacin Hajji, sai a sabunta. Da daddare saƙo ya shigo wayata daga Ijar, manhajar da hukuma ta tanada don rajistar yarjejeniyar haya. Na duba sunana, na duba lambar igamata, wato takardar izinin zama, na duba kuɗin har sau uku, na danna amincewa. Layin da aka rubuta ranar ƙarewa ban tsaya a kansa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a wannan zangon muna karanta babin haya a fikihu. Malamai sun sharɗanta cewa a san amfanin da aka yi hayar dominsa, a san ladan, a kuma san wa'adin. Na haddace ukun, na rubuta su a takardar jarrabawa, amma ranar da aka miƙo mini su a wayata biyu kawai na karanta. Babu wanda ya cuce ni. Ranar tana nan a rubuce: ƙarshen Shawwal.

Ya kamata in bayyana yadda abin yake ga wanda bai zauna a Makka ba. Aziziyya na maƙwabtaka da Mina, daga wasu layukanta ma da ƙafa ake zuwa jifan Shaiɗan. Yawancin dogayen benayen unguwar an gina su ne domin alhazai, kuma suna da lasisin saukar alhazai. Abin da mai gida ke samu a makonnin Hajji shi ne ainihin cinikinsa na shekara. Sauran watannin, maimakon ginin ya zauna fayau, sai ya zuba 'yan haya a kan kuɗi kaɗan, da sharaɗin su tashi kafin baƙi su iso. A Hajjin 2024 mutum sama da miliyan 1.8 ne suka tsaya a Arfa, Najeriya kaɗai an ware mata kujera 95,000. Kowane ɗaya daga cikinsu yana buƙatar gado. Gidan nasu ne tun asali, mu aro aka ba mu, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Bayan ƙaramar Salla da kwana kaɗan na dawo daga karatu na tarar da babbar mota a ƙofar gida ana sauke gadajen ƙarfe da katifu cikin leda. An buɗe wani katon zaure a bene na farko da tun zuwanmu yake kulle, ana wanke teburan cin abinci. Haris ɗin gidan, wato maigadi, mutumin kirki ne ƙwarai, ya tare ni a bakin lif ya tambaye ni wace rana zan kawo motar kwashe kaya, domin masu fenti za su fara daga hawanmu. Nan na buɗe wayata na karanta layin da na tsallake. Saura kwana ashirin da 'yan kai. Jarrabawar ƙarshen shekara tana tafe, maiɗakina kuma tana da juna biyu, wata na shida.

Sai daga baya na gane dalilin da ya sa shawarar manyanmu ta kife da ni, alhali da zuciya ɗaya suka ba ni ita. A zamaninsu Hajji yana faɗawa ne a tsakiyar dogon hutu. A 2019, ranar 10 ga Agusta aka yi Arfa. Mutum ya gama jarrabawa, ya ajiye kayansa wurin wani, ya tafi gida Najeriya ko Nijar da iyalinsa, ya dawo a Muharram ya sake kama gida da araha. Hayar wata tara ko goma ta dace da su kamar an gwada. Amma shekarar Hijira tana gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, karatu kuwa yana bin zafi da sanyi ne. A 2023 Arfa ta kama 27 ga Yuni, a 2024 ta dawo 15 ga Yuni, a 2025 kuma 5 ga Yuni. Alhazai suna fara sauka tun farkon Zulƙida, wato wata guda da 'yan kwanaki kafin Arfa, masu gidaje kuma suna son gidansu kafin nan. A shekarar da nake magana, wato 2024, ɗaya ga Zulƙida ta zo daidai da 9 ga Mayu. Ranar tashi ta riga ta shigo cikin zangon karatu, kuma kowace shekara ƙara kutsawa ciki za ta yi. Wanda ya gaji shawara bai gaji kalandar da aka yi ta a kai ba, sai dai ya sake lissafi da kansa.

Neman gida a Makka cikin Shawwal abu ne da ba na yi wa kowa fata. Duk waɗanda aka tasa daga gidajen alhazai sun fito lokaci guda, kowa yana neman abin da kake nema. Na shafe darare ina bin tallace-tallace a manhajojin Aqar da Haraj. In ka kira, ko dai an riga an kama, ko a ce ai kuɗin da ka gani na kafin mausim ne, wato lokacin Hajji. Gidaje masu kaya a ciki kuwa sun daina maganar wata, sun koma kuɗin kwana. Ofisoshin dillalai na shiga ba adadi. Bayan la'asar nake fita, zafin kwalta yana ratsa takalmina, in dawo bayan isha. Kullum in na buɗe ƙofa maiɗakina takan dubi fuskata tukuna kafin ta ce, "Malam, yau ma ba a dace ba?" Ta riga ta ɗaure kwanuka a kwali, ta bar mana tukunya ɗaya da faranti biyu.

Mafita ta zo ne daga inda ban nema ba. Akwai wani dattijo da muke salla tare wani lokaci a Harami, Bahaushe haifaffen Makka. Ya taɓa ba ni labarin cewa kakansa da ƙafa ya zo, ta Borno da Chadi da Darfur, ya yi shekaru yana noma a Sudan kafin ya tara kuɗin tsallake Bahar Maliya daga Suwakin. Hausarsa tana da ɗanɗanon Larabci, amma karin maganarsa ta fi tawa. Da ya ga na rame ya tambaye ni lafiya, na kwashe komai na faɗa masa.

Ya ce, "Ɗana, da ka je kama gidan, me ka fara tambaya?"

Na ce, "Kuɗinsa, Baba."

Ya ce, "A garin nan ba a tambayar nawa sai an tambayi har yaushe. Ka ajiye wayar nan. Gidan da kake nema ba ya cikinta."

Ya ce in daina kallon dogayen benaye. In nemi gida mai hawa biyu ko uku, marar lif, wanda mai shi yake zaune a ƙasa da iyalinsa, a unguwar da ta yi wa Mina da Harami nisa. Irin wannan gida ba a saukar alhazai a cikinsa, mai shi kuma ya fi damuwa da wane ne zai zama maƙwabcinsa fiye da ƙarin riyal ɗari biyar. Ba ya sa talla, sai dai ya faɗa wa mai bagala, wato ɗan kantin unguwa, ko mai sayar da tukunyar gas, ko ladanin masallaci. Ya ƙara da cewa tun da aka fara rushe Shamiyya a 2008 domin faɗaɗa Harami, aka bi da wasu tsofaffin unguwanni, talakan Makka gefen gari yake ta matsawa, can kuwa ya kamata ɗalibi ya bi shi. Ya lissafa mini Shara'i, da Nawwariyya, da Waliyyul Ahdi.

Zuwa da kai ya fi aike. Washegari na hau bas ɗin cikin garin Makka zuwa Shara'i, na yi sallar la'asar a wani ƙaramin masallaci, na tsaya na gaida liman na faɗa masa ni ɗalibi ne mai iyali. Bai san gida ba, amma ya haɗa ni da mai bagalar da ke kallon masallacin. A rana ta uku mai bagalar ya kai ni wurin wani tsoho da ke da mulhaƙ, wato ɗakunan da ake ƙarawa a saman rufin gida: ɗaki biyu, kicin, banɗaki ɗaya, da fili a waje inda tankin ruwa yake. Kafin tsohon ya yi maganar kuɗi sai da ya tambaye ni me nake karantawa, da ko ina yawan tara baƙi da dare. Ni ma kafin in yi maganar kuɗi na tambaye shi ko ana tashi lokacin Hajji. Ya ce shi bai taɓa tashin kowa ba. Muka yi yarjejeniyar shekara cur a Ijar, biya kashi biyu, na karanta ta daga sama har ƙasa a gabansa.

Ba zan ce mun samu araha yadda nake so ba. A nan ne na koyi lissafin da ya kamata in yi tun farko. Kuɗin haya ɗaya ne kawai cikin abin da gida ke ci. Babu mukayyif a mulhaƙ ɗin, sai da na je kasuwar gwanjo ta Mu'aisim na sayo guda biyu tsofaffi, irin na taga. Ɗakin saman rufi rana tana dukansa tun safe, a shekarar da zafi ya haura digiri 51 a Makka, don haka na'urorin ba sa hutawa, takardar kuɗin wuta kuma ba ta tausayi. Na yi sa'a mitarmu daban take, domin na san ɗaliban da ke raba mita da maƙwabta, duk wata sai an yi ƙananan maganganu. Ga kuɗin mota zuwa jami'a da Harami, ga kuɗin dabbab, 'yar motar ɗaukar kaya, da ya kwaso mana kaya sawu biyu. Abin da na tsira da shi shi ne la'adar dillali, kashi biyu da rabi cikin ɗari, tun da kai tsaye muka yi da mai gida. Sannan akwai matakala, wadda ba ta shiga lissafin kuɗi. Maiɗakina ta ƙirga ta ranar farko, taka hamsin da huɗu, tana hutawa a kowane hawa. Har ta haihu ba ta taɓa yi mini ƙorafi a kai ba, ni kuwa ban daina jin nauyin abin ba.

Duk da haka, da na haɗa abin da tashin gaggawa ya ci mini, da kwanakin karatun da suka salwanta ana saura mako biyu jarrabawa, sai na ga gidan Aziziyya bai yi arahar da na zata ba. Ba na cewa kowa ya guje shi. Ɗalibin da ya tabbatar zai gama kafin Zulƙida, ko yake da wurin da zai ajiye iyali da kaya wata biyu, yana iya cin moriyarsa, kuma gidaje ne masu kyau. Sharaɗin shi ne ya shiga da saninsa, ya ɗora kalandar jami'a a kan ta Hijira ya ga inda suka haɗu, ya kuma fara neman wurin komawa tun watan Rajab, kafin azumi ya taso da nasa cunkoson na masu Umara. Mai son gida na shekara kuwa, Muharram da Safar ne lokacinsa, sa'ad da alhazai suka watse, masu gida suke sauraren tayi.

Ana saura kwana huɗu Arfa wata larura ta kai ni Aziziyya. Na bi ta layinmu na dā. An rataya babban ƙyalle a gaban benen mai ɗauke da tutar wata ƙasa da lambar ayari, motocin safa sun cika titi, haris ɗin yana tsaye yana nuna wa wasu tsofaffin mata hanyar lif. Ya gan ni ya ɗaga mini hannu, na ɗaga masa. Na ƙirga tagogi zuwa hawa na shida. A tagar ɗakin da na jera littattafaina an shanya harami guda uku.