Idan bawa ya yi ɓarna, wa ke biya?

A zaurukan karatu na Agege da Idi-Araba, masu karanta Risala ta Ibn Abi Zaid, littafin fiƙihun Malikiyya, kan wuce mas'alar jinayar bawa, wato ɓarnar da ya yi wa wani, da sauri, tunda bauta ta ƙare. Bai kamata ba, domin a Legas ɗin nan Hausawa da yawa sun yi bauta, kuma daga cikin waɗanda suka tsere wa iyayen gidansu ne John Glover, jami'in mulkin mallakan Birtaniya, ya ɗebi dakarun Hausa da ya kafa a 1863.

A mazhabar Malikiyya, laifin bawa a wuyansa yake. In ya ji wa wani rauni ko ya ɓata dukiya, ana ba ubangidansa zaɓi: ya fanshe shi da biyan kuɗin ɓarnar, ko ya miƙa shi ga wanda aka cuta. A ce ƙimar bawan dinari 100 ce, ɓarnar kuma ta kai 300. Ubangidan zai miƙa shi ya kakkaɓe hannu, wanda aka cuta ya yi asarar 200, bawan kuwa a raba shi da iyalinsa. Dangin ubangida ba sa taya biyan diyya a nan. Irin wannan zaɓi na fansa ko miƙawa dokar Rumawa ma ta tanada tun da daɗewa.

Wajen shaida ake yawan kuskure. Bawa ya amsa laifin da hukuncinsa a jikinsa yake, kamar haddi, an karɓa. Amma in abin na kuɗi ne, iƙirarinsa ba ya aiki, don dukiyar wani yake neman ɗora wa nauyi. Ita kuwa sa-ɗakar da ta haifa wa ubangida, in ta yi ɓarna, ba a miƙa ta. Sai ya biya mafi ƙaranci tsakanin ƙimarta da kuɗin ɓarnar.

Hukuncin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Sayyidina Umar da ke cikin Muwaɗɗa, littafin Imam Malik. Bayin wani sahabi mai suna Haɗib suka sace taguwar wani mutumin Muzaina suka soke ta. Umar ya ce yana ganin Haɗib na barinsu da yunwa, ya tambayi kuɗin taguwar, aka ce dirhami 400, ya sa Haɗib ya biya 800. Imam Malik ya ce ba a aiki da ninka ƙimar a Madina, amma dalilin da Umar ya duba bai ɓoyu ba: kafin a zartar da hukunci a kan masu satar, sai da ya duba wanda ya hana su abinci.