Yau ba mamin

Asabar. Hazo ya rufe gari tun asuba, na tashi maƙogwaro a bushe, ga shi yau ne bikin da uwar amarya ta kafa mana sharaɗi. Cewa ta yi in dai Oga zai zo ya riƙe makirfo ne faifai yana tashi shi yana motsa leɓe, to ya sha zamansa a gida, DJ ma ya isa. Da bakinsa take so ya rera, mu 'yan amshi mu karɓa da namu. A Kanon nan da irin wannan motsa leɓen, wato mamin, ya zama ruwan dare, wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne.

Bayan na idar da salla na dafa ruwa, na lulluɓa da zani na shaƙi tururi. Umma ta shigo da kofin zuma da citta da kanumfari. Na ce mata, "Umma, kin san fa abin da aka haɗiye ba ya bi ta kan igiyoyin murya. Hanyar abinci daban, ta iska daban. Tururi ne ke isa wajen, sai kuma ruwan da mutum ya sha tun jiya ya ratsa jiki." Ta dube ni ta ce, "Ke dai shanye ki ba ni kofina. Ilimin waya bai taɓa hana magani aiki ba." Na shanye. Ɗumin yana da daɗi, wannan kam ba musu.

Daga nan na zauna ɗumama murya: guɗa-guɗan hanci a hankali baki a rufe, sai kaɗa leɓe ana hawa ana sauka, sai busa sauti ta tsinken shan lemo a cikin rabin kofin ruwa. Auta yana daga tsakar gida yana cewa wai tsohuwar adaidaita sahu ta shigo mana gida. Ban kula shi ba. Igiyoyin nan biyu da ke cikin maƙogwaro ba su wuce tsawon gaɓar yatsa ba, kuma idan mace tana magana kawai suna haɗuwa su rabu kusan sau 200 a daƙiƙa guda. In aka hau sama adadin ya ninka. Abin da zai yi wannan aikin daga magariba zuwa dare ba a tashinsa da tsawa.

Duk wannan a gasar waƙa ta talabijin na fara tsintarsa. Ina ƙarama ana kallon Project Fame a gidan maƙwabtanmu masu dish. An fara ta a 2008, Iyanya ya ci ta farko, Chidinma ta ci a 2010, aka daina bayan 2016. Yara suna jiran daren da za a kori wani, ni kuwa abin da ke riƙe ni shi ne darussan tsakiyar mako da ake nunawa daga makarantar da aka killace su, wadda Joke Silva ke shugabanta. A nan na fara ganin an kwantar da ƙato a ƙasa ana duba ko cikinsa ne ke tashi in ya ja numfashi ko kafaɗunsa. Yanzu da datar dare nake sauke guntayen bidiyo daga YouTube, in kalla da rana.

Jiya ma na sake kallon zagayen farko na The Voice, wanda alƙalai ke juya wa mawaƙi baya. A Holan aka ƙirƙiro shi a 2010, ya iso Najeriya a 2016, har Timi Dakolo yana cikin alƙalan farko, shi da ya ci Idols West Africa a 2007. Minti ɗaya da rabi ake ba mutum, ba a ganin kwalliyarsa ba a ganin rawarsa. Na lura wanda ya shiga layin farko da rawar murya, ko ya gyara daga baya da wuya kujera ta juyo. Shi ya sa na ce wa kaina yau amshin farko shi ne nawa, sauran Allah ya kawo da sauƙi.

Da hantsi na ɗaure hanci da takunkumi saboda ƙura, na hau adaidaita zuwa Zoo Road. A situdiyo na tarar da Oga da mai fiyano da injiniya, sai abokan amshina biyu suka iso daga baya. Aka kunna kiɗa, Oga ya ɗauka. Ɗa na farko lafiya. A na biyu numfashi ya ƙare masa kafin ƙarshen layi, ya haɗiye sunan kakan amarya. Aka sake, haka dai.

Ba wai Oga ba shi da murya ba ne. Yadda ake ɗaukar waƙa a nan ne ya sa. Layi-layi ake yi: ka rera ɗaya, a tsaya, ka huta, ka rera na gaba, injiniya ya manne su har wutsiyar wannan tana hawa kan wancan. A faifai babu gurbin da ɗan Adam zai ja iska. Sannan ga Auto-Tune, abin gyaran sautin murya a kwamfuta, wanda tun 1997 ya fito, mu kuma muka rungume shi har kunnenmu ya saba, in ba a ji wannan ƙarfe-ƙarfen a murya ba sai a ce waƙar ba ta nuna ba. Da shi ake ɗaga waƙa zuwa inda mai ita ba zai iya zama na minti goma ba.

Na san maganin, amma ba a gaban yara ake gyara wa babba ba. Na matsa kusa da mai fiyano na ce masa a hankali ya gwada sauke ki ɗin, wato tsayin sautin waƙar, mataki biyu. Ya sauke bai ce komai ba. Oga ya tsaya ya ce, "Wa ya taɓa mini waƙa?" Na ce, "Oga, Allah ya ƙara lafiya, ni ce na roƙa. Mu ne muryarmu ba ta kaiwa da sanyin nan." Ya yi shiru, ya ce ai haka mutane suka san ta. Mai fiyano ya ce, "Maigida, ba wanda zai zo da fiyano daga gida ya auna." Aka yi dariya, aka bar ta a ƙasa. A gasar nan kullum sai ka ji alƙali ya ce wa yaro waƙar da ya zaɓa ta fi ƙarfinsa. Sau da yawa ba waƙar ba ce, inda ya ɗauko ta ne.

Sai muka zauna da littafin baitoci da biro, muna sa alama duk inda za a ja numfashi. Wannan kam ba a talabijin na koya ba, a Islamiyya ne. Karatu daban, waƙa daban, ba na haɗa su, Allah ya kiyaye. Amma malaminmu na tajwidi ne ya fara nuna mini cewa ba inda iska ta ƙare ake tsayawa ba, inda ma'ana ta cika ake tsayawa, don haka tun kafin ka fara sai ka san inda za ka kai. Shi ya koya mana fitar da kowane harafi daga mafitarsa. Duk wanda ya taɓa kallon musabaƙar ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ke shiryawa tun 1986, ya ga yara ƙanana masu riƙe numfashin da manyan mawaƙanmu ba su da shi.

Inda muka yi saɓani da ƙaramar cikinmu shi ne ƙarshen amshi. Ita ma 'yar kallon gasa ce, Nigerian Idol ba ya wuce ta, kuma tana da murya, ma sha Allah. So take ta ja kalmar ƙarshe ta lanƙwasa ta sama da ƙasa, ta ƙare da ƙara mai tsawo irin wadda ke sa 'yan kallo su miƙe tsaye. Na ce mata, "Ƙanwata, a nan ba ƙuri'ar tes muke nema ba." Wannan salon ya taso ne daga waƙoƙin coci na baƙaƙen Amurka, kuma Turanci yana ɗaukarsa. Hausa tana da karin sauti, tana da dogon wasali da gajere. In kika ja gajere ya yi tsawo, ko kika ɗaga gaɓar da ya kamata ta sauka, kalmar ta tashi daga yadda aka san ta, tsohuwar da ke zaune a gaba ta kasa gane kirarin gidansu. Ita kuwa don shi ta zo. Shata, Allah ya jiƙansa, ya shekara da shekaru yana waƙa a fili ga kalangai na tashi, har ya rasu a 1999, kuma ko yau ka kunna shi a tsohuwar rediyo ba kalmar da za ta ɓace maka.

Ni abin da ke ba ni haushi da gasar nan ke nan. Ta koya wa yara cewa wanda ya fi hawa sama shi ne gwani. Murya kuma nama ce, tana jin ciwo. Adele da duk kuɗinta da likitocinta sai da aka yi mata aiki a maƙogwaro a 2011, bayan jini ya ɓalle a igiyar muryarta. Mai fiyano, wanda shi na Indiya yake bi, Sa Re Ga Ma Pa da Indian Idol, ya sa baki ya ce can alƙalan sun fi damuwa da ko ka zauna daidai a kan sauti da kuma atisayen kullum. Ya ƙara da cewa Arijit Singh ma an fitar da shi daga Fame Gurukul a 2005, yau ga shi nan duk wayar da ka taɓa a kasuwar waya ta Farm Centre da shi a ciki. Ƙanwar tamu ta turo baki, amma ta yarda za ta yi lanƙwasa ɗaya tak, a can ƙarshe.

La'asar sakaliya muka isa wurin taron a Nassarawa. Na roƙi injiniya ya juyo mana da sifika ɗaya ta fuskance mu. Ya ce duka na baƙi ne. Na ce in ba ma jin kanmu za mu yi ta ƙara ƙarfi har mu kauce, shi kuma a ce na'urarsa ce ba kyau. Ya juyo da ɗaya. Na tuna wa 'yan uwana kada a dunƙule kan makirfo a tafin hannu, yana toshe sauti kuma yana jawo kukan nan mai huda kunne. A bar tazarar yatsu biyu ko uku, in za a ɗaga murya a ɗan ja shi baya.

Amarya ta yi latti kamar kullum. Muka zauna cikin sanyin AC da hayaƙin turaren wuta, biyun nan kowanne yana busar da maƙogwaro. Aka kawo lemo mai ƙanƙara, na ce a ba ni ruwan da bai shiga firji ba. Ga kiɗan DJ kamar zai tsaga bango, ƙawaye na zuwa gaisawa, ni dai sai murmushi da ɗaga hannu. Magana a cikin hayaniya ta fi waƙar kanta cin murya.

Da aka kira mu na kafa ƙafafuna daidai faɗin kafaɗa, na gyara mayafi na soke shi da fil tun kafin a fara don kada hannu ya yi ta komawa can. Na zaɓi fuska uku a zauren, dama da tsakiya da hagu, ina kai ido gare su bi da bi. Amshin farko ya fita garau. Na ji Oga ya sami ƙarfin gwiwa, ya bar jikin fiyano ya tako gaba.

Ana tsakiyar ɗa na uku sai ga gwaggon amarya ta taso da takarda a hannu. Ba liƙi ta zo yi ba, shi yanzu a faranti ake ajiyewa tun da aka fara kama mutane kan wulaƙanta naira. Sunaye ne, na dangin da suka zo daga Fagge da Gwale da wasu daga Zinder, ba ko ɗaya a cikin abin da muka yi atisaye. Oga ya waiwayo ya ɗaga mini gira. Muka riƙe amshi muna juya shi, mai fiyano yana zagayawa, har ya gama karanta takardar ya fara jefa sunayen ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ɗan kirarinsa. Duk wadda aka kira sai ta miƙe, guɗa ta tashi daga teburinsu. Sai a lokacin na gane abin da ya sa Hajiya ta ƙi mamin. Faifai ba ya karɓar takarda. Wannan kuma ban taɓa ganin gasar talabijin da ta gwada mutum a kansa ba, can komai an auna shi da agogo tun ranar atisaye.

Ƙanwar tamu ta yi lanƙwasarta a ƙarshe, 'yan matan amarya suka yi ihu, ta kalle ni ta gefen ido. Na ƙyale ta, ta yi kyau a wurin.

A mota Oga yake faɗa mana wata Hajiya ta karɓi lambarsa, ita ma irin wannan take so a bikin ɗanta. Ya ce Talata a dawo atisaye, injiniya kuma ya nemo sifika ta biyu. Sai ya miƙo mana sallama, daidai abin da ake ba mu ranar da muke tsayawa muna motsa baki kawai. Yau kuwa wuni guda muka yi, da atisaye da kuɗin mota da murya. Mun yi magana da sauran biyun a bayan mota, Talata kafin a kunna fiyano ni zan fara yi masa zancen.