Kwana biyu a Miya da rikoda

Da sanyin safiya na shiga mota a Bauchi, muka kama hanyar Ningi. Kaka ce, dawa duk ta sunkuyar da kai a gonaki. A Kafin Madaki direba ya tsaya sauke fasinja. Na so in leƙa tsohon ginin nan na shahararren magini Babban Gwani, amma mai mota ba ya jira. Kafin azahar na sauka a Miya.

Nazarin harshe ne sana'ata, kuma sunan garin nan a littafi na fara ganinsa: nahawun Miyanci da Russell Schuh ya fitar a 1998, Ba'amurken nan da ake kira Malam Takalmi, wanda ya rasu a 2016. Miyanci ɗan'uwan Warjanci ne, dukansu kuwa suna cikin dangin harsunan da ake kira Cadi, kamar Hausa.

Bayan na kai gaisuwa fada, aka haɗa ni da wani dattijo a gindin tsamiya. Na kunna rikoda.

"Baba, a sake faɗa mini, a hankali."

"Ɗan nan, sau uku ke nan fa!"

"A yi haƙuri, Baba, karin sautin nake bi."

Dole in bi shi. Mu ma da Hausa, tashin murya da faɗuwarta ne ke raba "fari" na launi da "fari" na rashin ruwan sama. Idan na rubuta kalma babu karinta, rabinta na ɗauka. Mun yini kan sassan jiki da ƙidaya. Da muka zo kan sunayen ciyayi da itatuwan bisa dutse, sai dattijon ya manta da ni, ya yi ta zuba, fuskarsa ta washe. Ban katse shi ba har batir ya kusa ƙarewa.

Abin da ya tsaya mini a rai ya faru washegari. Ya kira jikansa da Miyanci, yaron ya ji sarai, amma ya amsa da Hausa. Na tuna Ajanci, ɗan'uwan Miyanci a ƙasar Bauchin nan, wanda ya ɓace tsakanin 1920 da 1940 saboda masu shi sun koma Hausa. Hausa kuwa harshen da na sha a nono ne, ina ƙaunarsa, shi ya sa abin ya fi yi mini ciwo.

Da zan tafi, yaron ya ce, "Malam, a sa mini in ji muryar Kaka." Na sa masa abin sauraro a kunne. Ya yi shiru, leɓɓansa na motsi, yana bin sunayen ciyayin ɗaya bayan ɗaya.