Tarihin Rayuwata (Kashi na 9): Steve Soper a Silverstone

Jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. A makon jiya mun tsaya a inda na samu aikin wankin kayan inji a wani ƙaramin gareji da ke wajen garin Northampton, a Ingila. Maigidana dattijo ne marar yawan magana, amma da an taɓo tseren mota sai bakinsa ya buɗe. Gwaninsa Steve Soper, kuma kullum cikin yi masa jaje yake.

Jajen kuwa da dalilinsa. A 1983 Soper ya cinye gasar Birtaniya ta motocin gida da Rover Vitesse, daga baya masu binciken mota suka ce ta saɓa ƙa'ida, aka ƙwace kambin aka ba Andy Rouse. A 1987 shi da Pierre Dieudonné suka zo na ɗaya da Ford Sierra a tseren kilomita 1000 na Bathurst, a Ostareliya, aka sake ƙwacewa saboda an taɓa bodin da ke saman taya. Masu haɗa mota su yi laifi, direba ya sha hukunci.

A watan Oktoban 1992 Maigida ya rufe gareji ya ce in shiga mota, Silverstone za mu, tseren ƙarshe na shekara a gasar Birtaniya. Mutum uku ke neman kambi: Tim Harvey a BMW, John Cleland a Vauxhall Cavalier, da Will Hoy a Toyota Carina. Soper ba ya cikin lissafi, don ya raba shekararsa tsakanin Ingila da gasar Jamus. Aikinsa ranar shi ne ya tsare wa abokin tafiyarsa Harvey baya.

Tun farko-farko aka buge shi, motar ta juya, ya koma can ƙarshen layi da bodi a lotse. Na ce, "Maigida, gwaninka fa ya gama yawo." Ko kallona bai yi ba, ya ce, "Yaro, zuba ido."

To, na zuba. Mutumin nan ya dinga tsince motoci ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsinar gyaɗa, har ya iso kan Cleland ya wuce shi, sannan ya buɗe wa Harvey hanya ya wuce gaba, shi kuma Soper ya tsaya tsakanin Harvey da Cleland. Cleland ya harzuƙa. A kwanar Brooklands ya kutsa ta ciki, suka gogu har motarsa ta ɗaga kan taya biyu, ya wuce. Kwana ta gaba, Luffield, Soper ya danno ta ciki shi ma, ko alamar sassautawa babu. Sai ƙara, sai ƙura, duka biyun suka bar titi. Andy Rouse ya ci tseren, Harvey ya zo na huɗu ya ɗauke kambi.

Har gobe ana gardamar ko da gangan ne. Ni dai a ganina Cleland ya fara neman rigima, Soper kuma ya rama fiye da kima.

Abin da ya fi ɓata wa Maigida rai a hanyar komawa shi ne, da wannan karon za a riƙa tuna Soper. Alhali a wannan shekarar ce ya ci tseren awa 24 na Spa, a Beljiyam, da BMW M3, tare da Christian Danner da Jean-Michel Martin. An kwana an wuni ana gudu, ana canjin direba, ana lallaɓa birki da taya, amma tazarar da ya ba Eric van de Poele, wanda ya zo na biyu, ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba. Wai nan ne ake gane direba.

Washegari na tarar ya ajiye mini akwatin sufana a kan benci, ya ce daga yau na bar wanki, birki zan fara koya. Yadda muka kwashe da birkin farko da na ɗaura, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.