Kafin ka sayi sinte, tambayi abu guda: ina maɓallan murɗawa?

Har yanzu in na tuna yadda wani mai shago a Kano ya yi man sai raina ya ɓaci. Na ce mishi ƙarara sinte nike so, wato na'urar kiɗa mai haɗa sauti da lantarki, don in koyi ƙera sauti da kaina, irin na kiɗan lantarki, sai ya jawo wata babbar piyano irin ta masu kiɗan biki ya ce "alhaji wagga ita ce daidai kai, murya ɗari-ɗari gare ta." Muryoyin kam akwai su, goge, sarewa, ganguna, amma duk an riga an dafa su tun daga kamfani, kai naka dannawa kawai. In kana so ka taɓa filta, wato abin da ke tace kaifin sauti, sai ka nutse cikin menu, danna nan koma can, kan ka iso ka manta sautin da kake nema. Na biya kuɗɗin mota, na yi canjin sefa, na ɗauko ta ta Jibiya da Dan Issa har gida Maradi, ashe ba ita ba ce.

Ba wai piyanon ba ta da kyau ba, wanda na saida ma ita da faɗuwa shina cin abinci da ita wurin bukukuwa. Amma wallahi ba a koyon ƙera sauti a kanta.

Daga baya na samu wani sinte mai suna Korg Monologue, na hannu. Ɗan ƙarami ne, makulli 25, murya guda yake fiddawa a lokaci guda, wato ba ka danna uku tare. Da farko na ga kamar naƙasu ne, yanzu ko shi ne abin da ya fi man amfani don dole kunnenka ya tsaya kan sauti guda. Kusan komi da maɓallinshi a fili. Ranar da na riƙe makulli guda na murɗa wanda aka rubuta CUTOFF a hankali, na ji kaifin sautin na dushewa, kuma a ɗan gilashin nan nashi ina ganin zanen sautin mai haƙoran zarto yana lanƙwashewa yana zama sumul, nan take na gane aikin filta. Abin da wancan katon bai nuna man ba duk zaman da muka yi.

Ga kuma pil, guda 6 ƙanana yake ci. Mu da kuran ke ɗaukewa lokacin zafi ba sai na yi bayani ba, sai in sa kaske in ci gaba abina. Amma ka rufe shi da zane in hunturu ya shigo, ƙura in ta shiga maɓallan sai su fara ƙarƙar.

In kana son danna muryoyi da yawa akwai yayanshi Minilogue da ya fito 2016, murya 4 a lokaci guda, sai dai ba ya aiki da pil. In ko aljihu babu, sauke manhajar sinte irin Vital ko Surge XT a kwamfuta, kyauta ne, ka fara da su.

Kuma don Allah in ka shiga shago mai kaya ya fara lissafa maka yawan muryoyin da aka dafa ciki, ka ce ya kunna ya nuna maka inda ake murɗa filta da hannu. In ya fara laluben menu ka yi mishi sallama, ni da wani ya faɗa man haka da kuɗɗina ba su tafi ba.