Ciyawar lema a gindin famfo

A kusurwar gidanmu akwai wani wuri a gindin famfo wanda ba ya bushewa ko da bazara, domin can ruwan alwala yake gangarawa. Sau uku ina dasa fulawa a wurin saiwarta tana ruɓewa, kafin wani mai sayar da dashe ya nuna mini ciyawar da masana ke kira Cyperus alternifolius. Asalinta daga Madagaska ne, kuma danginsu ɗaya da aya da kajiji, sai dai ita don kwalliya ake shuka ta. Karanta siriri ne, yakan kai mita 1, ganye kuma ya baje a samansa kamar lema, shi ya sa a gida muke ce mata ciyawar lema.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda ake yaɗa ta. Na yanki kara kamar santimita 10 daga ƙasan lemar, na rage tsawon ganyen da almakashi, sannan na kifa shi cikin kofin ruwa, kai a ƙasa, gindi a sama. Kafin mako 3 sai ga farar saiwa kamar zare ta fito daga tsakiyar ganyen, ƙananan tsiro kuma sun leƙo ta gefenta. Haka take yi a bakin rafi, inda kara yakan rusuna har kansa ya taɓa ruwa ya kama.

Kuskurena shi ne dasa ta kai tsaye a ƙasa. Tana yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa kamar aya-aya, kuma a damina ta biyu ta cika wurin har ta toshe makwarara, ruwa ya kwanta, sauro ya samu gida. Sai da na sa fartanya na tone ta duka, na raba tushen da wuƙa, na mayar da kaso ɗaya cikin tsohon bokiti da na huda gindinsa, na binne shi daidai da ƙasa. Tun daga nan ba ta ƙetare bakin bokitin ba.

Da hunturu bakin ganyen yakan ƙone, don haka nakan yanke tsofaffin kara daga tushe, ba daga tsakiya ba, domin guntun da aka bari bushewa kawai yake yi. Ruwan wanki mai omo kuwa na karkatar da shi wani gefe tun ranar da na ga ganyen ya fara yin rawaya.