Takardar da ba wanda yake tambaya a kanta

Duk wanda ya shigo shagona yana so ya koyi wannan aikin na buga hoto a jikin kaya tambayarsa ta farko ita ce "Oga wace firinta kake amfani da ita?" daga nan sai nawa ne injin gashi. Har yau ban ga wanda ya fara tambayata takarda ba, alhali wallahi ita ce ta fi ba ni ciwon kai tun da na fara buga hoto a jikin kofi da riga da faranti.

Sabilimeshan muke ce wa aikin a kasuwa. Kana buga hoto da wata tawada ta musamman a kan takarda, sai ka kifa takardar a jikin abin da kake so ka matse a injin gashi wajen digiri 180 zuwa 200, zafin nan shi ke sa tawadar ta tashi kamar tururi ta shige cikin zaren foliyesta ko cikin shafen da aka yi wa kofin tun daga kamfani, tana hucewa ta zauna daram. Shi ya sa in ka shafa rigar ba ka jin komai a sama, ba irin wancan na liƙawa ba da yake fara tsattsagewa bayan ɗan wanki. Riga minti ɗaya ma ba ta cika kaiwa ba, kofi kuma sai ya yi wajen minti uku.

To ita takardar ba irin ta fotokwafi ba ce ko da yake in ka gan su tare sai ka rantse ɗaya ne. Fuska ɗaya an yi mata wani siririn shafe, aikinsa ya riƙe tawada a sama kar ta nutse, ta bushe da wuri, in zafi ya zo kuma ya sake ta gaba ɗaya. Takardar ofis shanye tawadar take yi, ka gasa ka ɓare ka ga rabin kalar ta zauna a takarda, kofi ya fito fari-fari kamar an wanke shi shekara goma. Ni yadda nake gane takarda mai kyau ba daga kwalinta ba ne, bayan gashi nake duba ta, in na ga hoton da ya rage a kanta ya koɗe sosai to ta saki kaya, in kuma har yanzu jajir yake to kuɗina ne ya maƙale a can.

Darasin nan da tsada na koye shi. Wata Hajiya ta kawo aikin kofi 120 na rabo a bikin 'yarta, lokacin takardata ta ƙare, wani mai kawo kaya ya ce yana da wata mai sauƙi kuma wai duk abu ɗaya ne, ni kuma kwaɗayin ɗan ragin ya ɗebe ni na ɗauki fakiti biyu ban gwada ba. Da dare muka yi aikin a janareta, hasken shago ba wani mai kirki ba, sai da gari ya waye na ga jan gyalen amarya ya koma kalar ƙasa, fuskar ango kuwa kamar wanda ya tashi daga zazzaɓi. Mun riga mun gasa kusan arba'in. Kuma kofi in ya gasu ya gasu, ba gogewa ba kankarewa. Hajiya ta zo ta ɗaga ɗaya ta juya shi ta ce "Malam wannan 'yata ce kuwa?" na ce Hajiya ki yi haƙuri ki ba ni zuwa jibi. Daga aljihuna na sayo wasu kofunan, ribar aikin da wani abu a kai duk suka tafi, a kan ragin da bai kai kuɗin kofi biyar ba. Wasu daga cikin kofunan nan har yanzu da su muke shan shayi a shago.

Nauyinta ma da magana. Akwai mai giram 100 akwai mai 120, akwai ƙasa da haka wadda masu manyan injuna suke saye a naɗe suna buga yadi. Ni da nake aiki da firinta Epson L1800 mai ɗaukar babbar takarda A3 na fi son mai ɗan kauri saboda in hoto yana da baƙi da yawa siririyar takan jiƙe ta kumbura ta taɓo kan firinta, wato wurin da tawada ke fitowa, sai ka ga layi baƙi ya ratsa aikin. Af, masu tambaya me ya sa kowa Epson Epson, dalilin shi ne kanta matso tawada yake yi ba ya dafa ta, su kuwa ƙananan Canon da HP na gida da zafi suke fesawa, tawadar da zafi ke tayar da ita kuma ka ga ba za su shirya ba.

Sai yanayi. Da damina takarda tana shan danshi ta lanƙwashe, ka gasa tururi ya tashi ya bar ɗigo-ɗigo ko gefen rubutu ya baje, shi ya sa fakitin da na buɗe a leda nake mayar da shi in ƙulle, rigar ma sai na ɗan matse ta daƙiƙa biyar ta fitar da danshi kafin in ɗora takarda. Da hunturu kuma ƙura ce, ƙwaya ɗaya ta zauna a kan shafen sai ta bar farin tabo a goshin mutum, ga kan firinta yana toshewa in ka kwana biyu ba ka buga komai ba. Akwai kuma abin da muke ce wa inuwa, wato takarda ta ɗan gusa lokacin da kake ɗaga injin tana da zafi, sai rubutu ya fito biyu-biyu. Maganinsa salatif mai jure zafi, ko ka sayi takarda mai danƙo wadda take kama yadi in ta ji zafi, ita nake sa wa rigunan ƙwallo na 'yan unguwa saboda yadinsu yana ja.

Yaran shago kuwa kuskurensu biyu ne kullum. Ko su sa takarda a baibai su buga a bayan da ba shi da shafe, ko su manta su juya hoton a kwamfuta kamar a madubi kafin su buga. Akwai ranar da yarona ya buga sunan makaranta na walimar sauka bai juya ba, Allah ya taimaka a takarda na gani kafin ta hau faranti, na ce kai ɗan nan karanta min wannan, ya karanta tsaf yana murna, na ce to tunda ka iya karantawa a takarda ai an yi kuskure kenan.

Kwastoma ma sai ka yi ta bayani. Mutum ya kawo rigar auduga zalla ko baƙar riga ya ce a buga masa, ka ce ba ta hawa ya ɗauka ba ka iya ba ne. Auduga ba ta riƙe wannan tawadar, wanki ɗaya ta zube, kuma babu farar tawada a aikin nan, farin da kake gani a hoto farin rigar ne da kanta. Wani kuma ya ga hoton a takarda ya yi duhu-duhu ya fara faɗa, sai ka ce Alhaji jira a gasa tukuna.

Tun da dala ta tashi a 2023 komai namu ya bi ta, takarda da tawada da kofunan duk daga waje ake shigo da su yawanci daga China, jarabar sayen mai araha ta ƙaru sosai kuma ban ga laifin kowa ba. Ni dai yanzu akwai wani farin ƙyallen foliyesta da na yanko a Kantin Kwari yana rataye kusa da inji, duk sabon fakiti ko na wurin wanda na saba da shi ne sai na zaro ɗaya na buga ja da baƙi da kalar fatar mutum na gasa a jikinsa na fita da shi rana na duba. Ƙyallen ya kusa cika, wannan satin zan yanko wani.